Daga Damagaram zuwa bakin teku: yadda za a shirya mako guda a Gran-Popo

Mutanen Damagaram sun san Kwatano sarai, amma sanin ɗan kasuwa ne: tashar jiragen ruwa, filin sayar da motoci, Zango, sai a juyo gida. Akwai waɗanda suka shekara ashirin suna wannan hanya ba su taɓa cire takalmi sun taka yashin bakin teku ba. Wannan jagora ta mai son kai iyalinsa hutu ce, ya kama gida a bakin ruwa, irin wanda ake ce wa bila, ya yi mako guda yana kallon abin da babu shi a ƙasarmu. Na zaɓi Gran-Popo, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Benin, kusa da iyakar Togo, saboda ba shi da hayaniyar Kwatano, kuma teku na gabansa, kogin Mono na bayansa. Wannan kogin shi ne rabin daɗin tafiyar.

Mataki na farko: lokaci da takardu

Kudancin Benin damina biyu gare shi. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba. Mafi daɗin zama shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Matsalar ita ce babban hutun lekol namu yana faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba. In dole sai a lokacin, a zaɓi Agusta: ruwan sama yana ɗagawa, gari ya yi sanyi, sai dai teku ya fi haushi a watan. Mai son shiru ya kauce wa kwanakin da ke kewaye da 10 ga Janairu, lokacin bikin bodun, addinin gargajiyar yankin, domin garin Wida da Gran-Popo suna cika maƙil, kuɗin gidaje ya tashi.

Takardu kuwa: katin ɗan ƙasa ko fasfo mai rai, da karnen allurar shawara na kowane mutum, har yara. Yaron da zai tafi ba tare da iyayensa biyu ba, a yi masa takardar izini mai hatimin hukuma. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma kuɗi bai canja ba. Sefar da ke aljihunka a kasuwar Dole ita ake karɓa a Kwatano da Lome.

Mataki na biyu: hanya

Tsohuwar hanya ita ce Damagaram zuwa Doso, Doso zuwa Gaya, a ƙetare kogi zuwa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon, Kwatano. Daga Malanbil kaɗai ya haura kilomita 700, saboda haka kwana biyu ne cur, wani lokaci uku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Kafin ka biya ko dala ɗaya na gida, je tashar bas ka tambayi yadda ake ƙetarewa a makon da za ka tashi, kuma ka tambayi direba ko wanda ya dawo jiya, kada ka tsaya kan mai sayar da tikiti kawai. Arewacin Benin ma ba a cika son tafiyar dare a cikinsa ba yanzu.

Mai tsofaffi ko ƙananan yara, in da hali, ya sauka Yamai ya hau jirgi zuwa Lome. Daga can sa'o'i kaɗan ne a mota: Aneho, iyakar Hilakonji, sai Gran-Popo da ke kamar kilomita 20 daga iyakar. Agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, na Benin daidai yake da namu. Hanya ta uku, ta Kano da Legas da iyakar Seme, ta wanda ya saba da Najeriya ce. Ban ba mai iyali shawararta ba.

Mataki na uku: kama gida

A nan ake cin kuɗin mutane. Hoto a Facebook ko WhatsApp ba gida ba ne. Ka sa mai gidan ya kira ka da bidiyo, ya fara daga bakin titi, ya shiga ƙofa, ya zagaya ɗaki ɗaki, ya buɗe famfo ka ga ruwa na zuba, ya fita ta baya ka ga nisan teku da idonka. Wanda ya ƙi wannan, ka bar shi. In kana da ɗan'uwa a Zango, ka biya masa kuɗin mota ya je ya gani. Kafin alkalami kada ya wuce na kwana ɗaya ko biyu, sauran sai ka karɓi makulli. Lambobin wayar Benin sun koma goma tun ƙarshen Nuwamban 2024, duk tsohuwar lamba sai an sa mata 01 a gaba.

Ga abin da za ka tambaya. Wa ke sayen kuran, tunda yawancin mitoci na kati ne, kuma kilim yana shanye shi kamar me? In wuta ta ɗauke akwai janareto, kuma wa ke zuba masa mai? Ruwan gidan na famfo ne ko na rijiya? Rijiyoyin bakin teku sukan yi zartsi, sabulu ba ya kumfa da kyau, ba a kuma sha. Kowane gado yana da sange? Akwai firigo da gas? Mai gadi yana kwana? Sai tambayar da ta fi duka ga mai yara: gidan yana da katanga da ƙofa mai kullewa ta wajen teku? In akwai kwamin wanka a tsakar gida, zurfinsa nawa, kuma an kewaye shi?

Akwai wata tambayar da mutanenmu ke jin nauyin yi, alhali ita ke ɓata hutu: me ke maƙwabtaka da gidan? Wasu bilolin suna jikin mashaya, kiɗa har asuba daren Asabar. Hajiya ba za ta ji daɗin haka ba, kai ma haka.

Ranar isowa

Kada a shirya komai. A sauke kaya, a yi wanka, a sayo ruwan kwalba. Wanda aka fi samu shi ne Possotomé, daga wata maɓuɓɓuga da ke bakin tafkin Aheme, ba nisa da nan. Zafin can bai kai na watan Afrilu a Damagaram ba, amma akwai laima, gumi ba ya bushewa, wanki ma sai ya wuni a igiya. A bar shadda mai sitati a gida, a ɗauko yadi mara nauyi.

Alƙibla ba ta da wuya. Teku yana kudu. Ka tsaya ya kasance a hannunka na dama, kana fuskantar gabas ke nan, sai ka karkata hagu kaɗan, wajen arewa. Wanda ya yi niyyar zama kwana huɗu ko fiye zai cika salla, kamar yadda yake a mazhabar Malikiyya. Ruwan teku yana alwala, kuma abin da ke rayuwa cikinsa halal ne, har kaguwa da jatan lande.

Da la'asar a tara kowa a bakin ruwa a kafa doka tun kafin yara su saba da wurin.

Dokar teku

Tekun wannan gaɓa yana cin mutane kowace shekara, har da waɗanda suka iya iyo. Wanda ya koyi ninƙaya a tafki lokacin damina ya ɗauka bai iya ba. Gaɓar tana da gangare, taku uku ko huɗu ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafarka. Igiyar ruwa ba zuwanta ne haɗari ba, komawarta ce: tana kwashe yashin da kake tsaye a kai, ta ja ka. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Abin ban tsoro, nan ne ruwan ya fi kama da mai lafiya, babu farin kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu. Baƙo nan yake zaɓa.

Saboda haka babba kada ya wuce idon sawu zuwa ƙwauri, yaro kuma hannunsa na cikin hannun babba. Ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, domin bayan ƙananan igiyoyi da yawa babba takan zo ba sallama. Zane da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, don haka mata su tsaya inda kumfa ke ƙarewa. In ƙaddara ta sa ruwa ya ja wani, kada a bi shi a guje, haka ake rasa mutum biyu. A yi kururuwa a kira masunta, a jefa masa jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa. Shi kuma kada ya yi kokawa da ruwan, ya kwanta rigingine ya bar shi ya kai shi, in jan ya sassauta ya yi gefe, sannan ya nufo gaɓa.

Ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Tabarmar da aka shimfiɗa a busasshen yashi da hantsi tana iya zama cikin ruwa da azahar, tare da waya da takalma.

Rana ta biyu: jan koma

Wannan kyauta ne, kuma a ganina ya fi abubuwa da yawa da ake biya. Bayan sallar asuba ka bi gaɓa da ƙafa har ka tarar da masunta. Tun da duhu jirgi ya fita ya zagaya da koma, ya dawo da bakin igiya biyu, tsakaninsu tafiya mai ɗan nisa. Kowace igiya mutane ne jere, maza, samari, har mata, sun jingina da baya, dugadugai cikin yashi. Wani yana ba da waƙa, saura suna amsawa, kowane amshi taku ɗaya baya. Wanda ya kai ƙarshen layi sai ya saki, ya zagayo gaba ya sake kamawa, wani yaro yana naɗe igiyar a gindin kwakwa. Ana ɗaukar sa'o'i ana haka, layukan biyu suna matsowa juna a hankali, har jakar komar ta fito tana motsi. Nan mata masu manyan kwanoni suke rufe ta, ciniki ya kaure.

In ka yi gaisuwa ka kama igiya ba mai hana ka, sai dai tafin hannu zai gaya maka da daddare. Ka nemi izini kafin hoto. Ka kuma sayi kifin rana a nan, wanda idonsa ke sheƙi, cikin kunnensa ja. Yawancin mutanen gaɓar Hula ne da Mina, amma Faransancin lekol ya isa ciniki.

Maganar abinci, kifi ya raba gardama. Nama kuwa a yi hattara, domin a kudu ana cin alade da naman daji. Ka tambayi inda mahauta Hausawa suke a Kome, garin da ke kan hanyar Kwatano, ka ce, «Malam, yankan wa ne?» In an miƙo maka ƙaramin kofi na wani abu fari kamar ruwa a ƙauye, sodabi ne, barasar da ake dafawa daga bammi. Ka dafa ƙirji ka yi godiya, ba mai jin haushi.

Rana ta uku: kogin Mono

Abin da teku ya hana, kogi zai biya. Ta hannun mai gidan ko mai gadi a nemo mai jirgi tun daren jiya, a gama ciniki: kuɗin na jirgi ne ko na kowane kai, awa nawa, ina da ina za a tsaya. Ka ce sai da rigar ceto ta kowa, ka ƙirga su da hannunka kafin a tashi. A fita da sassafe, a ɗauki ruwa, hula da abin taɓawa.

Jirgi yana bi tsakanin itatuwan da ke tsaye cikin ruwan zartsi a kan dogayen saiwoyi, ƙananan kaguwa suna hawa suna sauka a jikinsu. Za a wuce ƙauyukan masunta, da masu jefa birgi daga cikin kwale-kwale a tsaye. A 2017 UNESCO ta sa wannan yanki na bakin Mono, ɓangaren Benin da na Togo, cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Ƙarshen tafiyar shi ne inda kogin yake shiga teku, wurin da ake kira Bush di Ruwa, a allo kuma Bouche du Roy. Ana sauka a kan wani dogon tudun yashi, ruwan kogi a kwance a hannu ɗaya, teku yana ruri a ɗayan. Bakin ba ya zama wuri guda, yashi yana matsar da shi daga shekara zuwa shekara. Yara za su iya wasa a gefen kogin inda mai jirgi ya nuna, nesa da mahaɗar, don jan ruwan wurin ya fi na ko'ina.

In rani ne ka roƙi a tsaya wurin masu gishiri. Mata suna kankare saman ƙasar fadama, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai, ruwan gishiri yana tsatsowa ta ƙasa cikin tukunya. Don su san ko ya yi ƙarfi sai su jefa ƙwarar kwakwar manja: in ta taso ya yi, in ta nutse da saura. Sannan a dafa shi a bukka har ya ƙone ya bar farin gishiri. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa mangul a ƙasar Manga zai gane aikin nan take, ya kuma yi mamakin ganinsa a bakin teku.

Daga ƙarshen damina zuwa cikin rani kunkurun teku suna fitowa da dare su yi ƙwai a wannan gaɓa. Akwai masu sa kai da ke tsare ƙwan har a ƙyanƙyashe, su saki ƴaƴan. In an dace da ranar saki, a kai yara.

Rana ta huɗu: Wida

Kamar kilomita 45 ne, ta Kome, a allon hanya an rubuta Ouidah. A ɗauki shatar mota ta yini. Kabu-kabu, da suke kira zemijan, na mutum ɗaya ne mai gaggawa, kuma sai da hular kwano.

Wida tana daga cikin manyan tashoshin da aka yi lodin bayi zuwa ƙetaren Atlantika. Masarautar Dahome ta ci garin a 1727, a zamanin sarki Agaja. Fotugal ta gina ganuwarta a nan a 1721, ba ta kuma sake ta ba sai 1961, bayan Benin ta sami ƴancin kai. An mai da ganuwar gidan tarihi, an kuma daɗe ana gyare-gyare a garin, don haka ka tambayi ɗan jagora abin da ke buɗe kafin ku fara. Ɗan jagoran ya zama mai kati.

Ku fara daga dandalin Shasha, mai sunan laƙabin Francisco Félix de Souza, dillalin bayi ɗan Birazil da ya mutu a 1849. Daga nan hanya ce ta kusan kilomita 4 zuwa teku. Za a nuna muku inda bishiyar mantuwa take, wadda aka ce ana sa bayi su zagaya don su manta da gida, da wurin ɗakin duhun Zomayi inda ake tsare su, da ramin Zungboji inda aka zuba waɗanda suka mutu kafin jirgi. Ƙarshenta babbar ƙofa ce a bakin ruwa, Ƙofar da Ba a Dawowa, wadda aka gina a 1995. Masu ƙarfi su taka da ƙafa da safe, mota ta bi da tsofaffi.

Kada Bahaushe ya tsaya a ƙofar nan yana ganin tarihin wasu ne. Bayan jihadin 1804, yaƙe-yaƙe sun sa an kama Hausawa da yawa, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har gaɓar nan, aka kai su Bahiya a Birazil. Can suka shirya tawaye a 1807, suka tayar a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin azumi, musulmi bayi da ƴantattu, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan haka da yawa sun dawo wannan gaɓa, suka zauna a Wida, Porto-Nobo da Aguwe, wadda ke tsakanin Gran-Popo da iyakar Togo. Zuriyarsu ake kira Aguda. Mu kuma a Damagaram namu cinikin arewa ya nufa, da ayarin Tarabulus. Yaron da ya kai aji na koleji ya isa a gaya masa duka biyun.

Saura a Wida ba sai an daɗe ba. Gidan zane-zane na gidauniyar Zinsou yana cikin wani tsohon bene na 1922 mai ginin Aguda, ya cancanci awa guda. Ɗakin mesa yana daura da babbar majami'ar Katolika. Mesan ƙanana ne marasa dafi, ana rataya wa baƙi a wuya don hoto. Wurin bauta ne na masu shi, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya wuce abinsa ba tare da yatsina fuska ba.

Sauran kwanaki

Rana ta biyar a huta. Mutanenmu in sun biya kuɗin mota sai su ga kamar asara ne a zauna, su ƙare hutu a gajiye fiye da yadda suka zo.

Rana ta shida a zaɓi ɗaya. Ko Ganbiye, garin da aka gina a kan turaku cikin tafkin Nokuwe: ana shiga jirgi daga Abome-Kalabi, kasuwa a kan ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwale-kwale su kaɗai. Kakanninsu, Tofinu, sun shiga tafkin ne don gudun maharan Dahome. Mutanen garin sun gaji da kyamara, musamman mata, a kiyaye. Ko kuma Kwatano, in ranar Juma'a ce: salla a masallacin Zango, tuwo da miyar kuka ga wanda kifi ya ishe shi, sannan a ga mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022. Babban masallacin Porto-Nobo, wanda Aguda suka gina da fasalin majami'un Bahiya, abin gani ne, amma daga Gran-Popo ya yi nisa ga mai yara. Fadojin sarakunan Dahome a Abome ma haka, gara a tsaya a kan hanyar komawa, tunda suna dab da Bohikon.

Tsaraba a saye ta ranar jajiberin tafiya: man kwakwa, garin rogo, gishiri, busasshen jatan lande a ɗaure cikin leda biyu don kada ya cika bas da ƙarni. Abarba a zaɓi wadda ba ta gama nuna ba. Atamfa in ta yi yawa duwan za su ɗauke ta kayan sayarwa, a riƙe rasit. Da safen tafiya a zagaya gidan tare da mai shi, a duba mita, a miƙa makulli hannu da hannu, a sallami mai gadi.

Sauron bakin teku ba shi da rani ba shi da damina. Duk wanda ya yi zazzaɓi a can, ko cikin makonnin farko bayan an dawo, a kai shi likita a yi gwajin jini a ranar, a kuma faɗa wa ma'aikacin inda aka je.